Wuta, ruwa da dalma: cajin batirin keken lantarki da kalmomin da ake faɗarsa da su a ƙasar Magarya

0. Gabatarwa

Wannan maƙala tana duba abu biyu da ba su rabuwa: yadda ake yi wa batirin dalma caji, da kuma kalmomin da Bahaushe yake amfani da su in yana maganar wannan aiki. Mun ɗauki misalin keken lantarki da aka ƙara wa ƙarfi, domin a jikinsa ne matsalolin suke haɗuwa wuri guda. Yankin da muka sa a gaba shi ne Kwaya, ƙaramar hukuma ta karkara a gundumar Magarya cikin jihar Damagaram, da maƙwabtanta har zuwa Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011.

Keken lantarki bai yawaita ba a waɗannan ƙauyuka. Amma batirin da ke tafiyar da shi ɗan gida ne: ɗan'uwansa na cikin babur ɗin ƴan kabu-kabu, yana ƙarƙashin teburin mai cajin salula, yana kuma bayan kowane allon hasken rana da aka ɗora bisa rufi. Kayan suna shigowa galibi daga Kano ta kasuwannin iyaka irin su Maigatari, da sunayensu na aro daga Ingilishi. Makaranta da kamfanin NIGELEC kuwa da Faransanci suke magana. Saboda haka mutum ɗaya yakan ce lantarki da safe ya ce kuran da yamma. A rubutu za mu bi lafazin Hausa mu ce bolt, amfer da wat, tun da babu v da p a cikin baƙaƙenmu.

1. Abin da ke cikin baƙin akwatin

Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙago batirin dalma a 1859, Camille Faure ya kyautata shi a 1881, kuma tun daga nan asalin aikinsa bai sake ba. Faransanci ya raba « pile », wadda ake jefarwa in ta ƙare, da « accumulateur », wanda ake sake cikawa. A Hausar Nijeriya duka biyun batir ne. A tamu ana jin pil ga na rediyo da tocila. Wannan bambanci abin riƙewa ne ga mai rubuta littafin koyarwa.

Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a jere, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2. A cikin ɗakin akwai faranti iri biyu tsome cikin asid na farar wuta da aka sirka da ruwa: ɗaya dalma ce zalla mai ruwan toka, ɗayan dalma ce haɗe da iskar oksijan, mai launin ƙasa-ƙasa. In ana jan wuta, farantan biyu suna rikiɗa su zama abu guda, wani farin gishiri da masu kimiyya ke rubutawa PbSO4, wanda za mu kira gishirin dalma. Asid ɗin kuwa yana tsinkewa yana komawa kusa da ruwa. Caji shi ne mai da wannan tafiya baya: a tura wuta ta kishiyar hanya har gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa, farantai su koma yadda suke. Ma'auninsa a fili yake: nauyin ruwan cikakken batir ya kai 1,26 zuwa 1,28 in an gwada shi da na ruwan sha, na wanda ya sauke kuwa yakan faɗo zuwa wajen 1,12.

Wurin da ake asara shi ne nan. Gishirin da bai daɗe ba yana da laushi, caji na narkar da shi. Wanda aka bari ya yi kwanaki ko makonni yakan daskare ya zama ƙwayoyi masu tauri da ba su komawa. Duk sashen farantin da ya rufe ya fita daga aiki ke nan har abada.

2. Kalma ɗaya, ma'auni uku

Mu dubi waɗannan jimloli, waɗanda kowa ya saba ji a bakin mai gyara ko mai shago:

(1) Wutar ta yi wa batirin yawa.
(2) Injin nan yana cin wuta.
(3) Batirin ba ya riƙe wuta.
(4) An ɗauke wuta.

A (4) wuta tana nufin lantarki baki ɗaya. A sauran ukun kuwa tana tsaye ne a madadin abubuwa uku da ake aunawa da ma'auni dabam-dabam. Shaton ruwa zai taimake mu. Tsawon shaton shi ke sa ruwa ya fito da matsi: wannan shi ne « tension », ana auna shi da bolt, muna kuma ba da shawarar a ce matsin wuta. Yawan ruwan da ke bi ta bututu a lokaci guda shi ne « intensité », ana auna shi da amfer; mu ce kwararar wuta. Abin da tankin yake iya ɗauka shi ne « capacité », ana auna shi da amfer-awa. Mu ce cikin batir, kamar yadda ake cewa cikin randa. Jimla ta (3) maganar ciki take yi, ta (2) maganar kwarara ce. Ta (1) kuwa tana iya zama matsi, tana iya zama kwarara, kuma maganin ɗaya ba shi ne maganin ɗayan ba.

Ba ma cewa wannan naƙasa ce ta Hausa. Bafaranshen da bai yi karatun kimiyya ba shi ma « courant » yake cewa ga duka. Bambancin dai shi ne, shi yana da littafin da zai buɗe ya tarar an rarrabe masa. Ƙarfin wuta, wanda masu fassara suka fi so, ba ya raba gardama, domin ya dace da bolt, ya dace da amfer, ya dace da wat. Gara a keɓe shi ga wat kaɗai, wato matsi sau kwarara.

3. Keken da aka ƙara wa batir

Yawancin kekunan lantarki masu batirin dalma ƙirar Sin ne, kuma ana haɗa batiran ne kai da wutsiya, kamar raƙuma a ayari: uku su ba da bolt 36, huɗu 48, biyar 60. A irin wannan haɗi matsi ne ke taruwa, ciki kuwa ba ya ƙaruwa: batir huɗu masu amfer-awa 12 suna nan a amfer-awa 12, sai dai a bolt 48, wato wat-awa 576. Kowane ɗaya yana da nauyin kilo 4 ko kusa da haka.

A ƙasa mai rairayi kamar ta Kwaya, inda taya ke nutsewa, ba abin mamaki ba ne mai keke ya so ƙari. Hanya mafi arha ita ce a sayo batir ɗaya a ɗaura a kan ukun da ke akwai, a tashi daga 36 zuwa 48. Keken zai yi gudu, ba shakka, in injin da akwatin da ke sarrafa shi sun jure. Amma lissafin caji ya sake gaba ɗaya.

Domin wuta ta shiga batir, dole matsin caja ya fi na batirin. Mai bolt 12 yana nuna 12,7 ko kusa da haka in ya cika ya huta, amma sai an kai shi 14,4 zuwa 14,7 kafin ya cika ɗin. Don haka cajar da aka rubuta wa 36 tana fitar da kimanin bolt 44, ta 48 kuwa kimanin 59. To, a raba 44 gida huɗu: kowane batir ya samu 11, abin da bai kai matsin batirin da ya sauke rabi ba. Babu abin da zai shiga. Abin da ya fi muni, cajar tana ganin babu kwarara sai ta kunna fitilarta tsanwa, mai keke ya ce ya cika. In kuma aka aro cajar 60 don a yi sauri, kowane batir zai sha fiye da bolt 18, ya yi zafi, ya kumbura. Akwai tarko na uku: cajar batirin litiyom da ita ma aka rubuta wa 48, alhali galibi 54,6 take fitarwa. Wannan 13,65 ke nan ga kowane batir. Ba ta ƙona kome, amma ba ta ƙarasa aiki cikin dare guda, kuma ɓarnarta sai bayan watanni take bayyana. Bakin caja ya shiga ramin keke ba hujja ba ce. Lambar da ke rubuce a bayanta ita ce abin dubawa.

Sa'an nan akwatin da ke sarrafa injin yana da iyakar da yake yanke wuta don ya kare batir, wajen bolt 10,5 ga kowane ɗaya: 31,5 ga uku, 42 ga huɗu. In an ƙara batir ba a sauya akwatin ba, ba zai yanke ba sai an sauka 31,5, wato ƙasa da bolt 8 ga kowane. Batirin dalma ba ya yafe irin wannan tatsa. Ko a kan iyakar da ta dace, wanda ake tsayawa da shi a rabin cikinsa ya fi wanda ake ƙwaƙulewa kullum daɗewa nesa ba kusa ba.

Saura zancen sabo cikin tsofaffi. Kwarara ɗaya ce ke ratsa batiran huɗu, caja kuwa jimla kawai take gani. Tsohon da cikinsa ya ragu shi ke fara cika, matsinsa ya haura, ya ci gaba da shan wutar da ba ya buƙata, sabon kuwa bai ƙoshi ba. A kan hanya kuma tsohon ne ke fara ƙarewa, ya tsai da ayarin duka. Cikin ɗan lokaci sabon ya bi sahun tsofaffin. Haka nan wanda ya jawo waya daga batir ɗaya don fitila ko cajin salula, shi ma ya karkata ayarin. Abin da ya dace shi ne batir huɗu iri ɗaya, masu shekaru ɗaya. Lokaci-lokaci kuma a auna kowanne shi kaɗai bayan ya huta, a ƙarasa wa wanda ya yi baya da cajar bolt 12. A nan ma a kula da kwarara: cajar batirin mota mai amfer 10 ta fi ƙarfin ɗan batir mai amfer-awa 12, wanda bai kamata ya wuce amfer 3 ba. Cajarsa ta asali kusan 1,8 take bayarwa.

4. « Ya cika » da « ya ciku »

Caji mataki uku ne. Da fari caja tana tura kwarara daidai wa daida, matsi yana hawa, har batir ya samu kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Sa'an nan ta tsai da matsi a ƙololuwarsa, kwarara ta riƙa raguwa da kanta. Wannan mataki yana cin awa biyu, uku ko fiye, shi ne kuma yake narkar da ragowar gishirin. Daga ƙarshe ta sauko da matsi zuwa 13,5 ko 13,8 ga kowane batir don ta riƙe shi kawai. Duka-duka awa 6 zuwa 8 ne ga batirin da ya yi aikin yini.

Mataki na biyu shi ne wanda ƙauye ke rasawa. Mai janareta da awa yake lissafi, man fetur kuma da kuɗi ake sayensa; da ya kashe inji, caji ya ƙare ko an kai ko ba a kai ba. Mai allon hasken rana kuwa rana ce ke yanke masa hukunci, ga shi lokacin da take da ƙarfi shi ne lokacin da keken yake kan hanya. In aka ce a tara wutar cikin wani batir da rana, a juya ta zuwa bolt 220 da dare, a ba cajar keke, kowane juyi yana cin rabonsa: wat-awa 288 da keken ya kashe, wato rabin cikinsa, zai nemi kusan abin da allo mai wat 100 yake tarawa yini guda. Waɗanda ke kan layin NIGELEC su ma sun ga yadda abin yake lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a watan Agusta na 2023, ba ta mai da ita ba sai a watan Maris na 2024. Batirin da ake ba kashi 80 kullum, ba a taɓa ƙarasa masa ba, yana tara gishiri a hankali har cikinsa ya tsuke.

Harshe yana da hannu a nan. A tsarin azuzuwan aikatau da Parsons ya fitar a 1960, cìka na « batir ya cika » ɗan aji na 3 ne, kuma a shuɗaɗɗen lokaci yana nuna an kai wata iyaka, ba ya faɗin kome a kan ingancin kaiwar. Hausa tana da aji na 7 don wannan aiki: nama ya dafu, magana ta faɗu, gida ya ginu. Muna ganin takardar bayani za ta iya cin moriyar wannan: batir ya cika in fitila ta koma tsanwa, amma sai an bar shi awa ɗaya ko biyu bayan haka zai ciku. Wannan ba ya buƙatar aron kalma ko ɗaya, kuma wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane shi nan take.

Haka « ya mutu » take rufe abu uku: batirin da ya sauke kawai, wanda caji zai tayar, wanda gishiri ya cinye, da wanda ɗakinsa ɗaya ya haɗe, ya koma nuna bolt 10 da ɗoriya kome daɗewarsa a caji. Na farko ne kaɗai ke da magani.

5. Zafi

Ana cewa batir « ya yi sanyi » in ya raunana, alhali a ƙasarmu zafi ne ke kashe shi. Alƙaluman da ke jikin caja an tsara su ne a kan digiri 25. A watannin Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce digiri 40 a jihar Damagaram, balle ɗaki mai rufin kwano. Ƙa'idar da masu ƙira suke bi ita ce a rage wajen milibolt 3 ga kowane ɗaki a kan kowane digiri da ya haura 25. Keke mai bolt 48 ɗaki 24 gare shi. A digiri 40 ya kamata a rage masa fiye da bolt ɗaya. Caja mai arha ba ta san bazara ba, abin da take bayarwa a hunturu shi take bayarwa kullum. An kuma san cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba kwanakin batir biyu. Abin da mai keke ke iya yi kaɗan ne amma yana da tasiri: ya bar batir ya huce bayan tafiya, ya yi caji a inuwa inda iska ke ratsawa, ya taɓa shi da hannu, in ya ji zafi ya cire. Iskar ba don sanyi kaɗai ba ce: a ƙarshen caji batir yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke kamawa da wuta in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki.

6. Ruwan batir

Ga kalmar da ta fi kowace haɗari. Ruwan batir yana nufin asid ɗin da ake zuba wa sabon batir, yana kuma nufin ruwan da ake ƙara wa tsoho in ya ja baya. Abin da ke tashi daga batir ruwa ne zalla, asid yana nan bai tafi ko'ina ba. Wanda ya je kanti ya ce a ba shi ruwan batir, aka miƙo masa asid ya ƙara, ya tsananta abin da ke ciki, farantai su ci kansu.

Masu fassara sukan ce tataccen ruwa ga « eau distillée ». A ganinmu wannan kuskure ne mai tsada. Tacewa a Hausa da ƙyalle ko rariya ake yi, kuma a jihar da aka yi shekaru ana koya wa mutane tace ruwa saboda kurkunu, ma'anar ta kafu sosai. Ruwan rijiya ko an tace shi sau goma yana ɗauke da gishiri iri-iri, wani wuri har da kanwa, kanwa kuwa kashe asid take yi. Wurinta shi ne ƙasa, in asid ya zube, ba cikin batir ba. Ruwan tururi ya fi dacewa, domin ya faɗi yadda ake samunsa: a tafasa ruwa, a tari tururin, a bar shi ya koma ruwa.

Batirin keke dai galibi rufaffe ne, irin wanda ake kira busasshe. Sunan na yaudara: akwai asid a ciki, an dai tsotse shi cikin wani abu mai kama da auduga da aka yi da zaren gilashi, ko an daskarar da shi. Ba a yi shi don a buɗe a ƙara masa kome ba, don haka duk ruwan da caji mai yawa ya kora ya tafi ke nan.

7. Dalma

Mataccen batir yana da kasuwa, domin fiye da rabin nauyinsa dalma ce, masu sayen tsofaffin ƙarafa kuma suna bin ƙauyuka suna nemansa. A bakin mutane dalma abin aiki ce ta maƙera da masu like, ba a jin ta a matsayin guba. A 2010 gubar dalma da ke cikin dutsen zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Misalin da ya fi kusa da zancenmu shi ne na Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar, inda yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 a unguwar da aka daɗe ana fasa tsofaffin batira ana tone dalmarsu. Ƙurar ba ta da wari, tana zama cikin ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwa tun kafin a ga wata alama a jiki. Batirin da ya ƙare a sayar da shi a rufe yadda yake, kada a fasa shi a gida, kada a tsiyaye ruwansa kusa da rijiya ko garka, kada kuma a mai da akwatinsa mazubin ruwan kaji.